Kawun da ya kayar da ni a jarrabawar waya

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, sai dai Kawu ya riga mu, kamar yadda ya saba riga kowa isa wurin aiki. Ranar Talata da hantsi ya cika, bayan jinyar kwana huɗu da shi kansa bai yarda ta isa a kira ta jinya ba. Aka kai shi makwancinsa bayan azahar, ana yayyafin nan na Jos mai shiga har ƙashi.

Na halarci jana'iza da yawa a garin nan, amma ban taɓa ganin wadda rabin mutanenta suka zo da filaya a aljihun baya ba. Masu aikin wayar sadarwa ne, tsofaffi da matasa, wasu daga kan tsani aka sauko da su da labarin. Wata tsohuwa ta zo daga Tudun Wada, ba wanda ya san ta a gidan, ta zauna kusa da matar Kawu, wadda muke kira Iya. Ta ce shi ne ya ja mata wayar da ta fara jin muryar ɗanta da ita bayan shekara shida yana ƙasar waje, kuma ranar ya ƙi tafiya sai da ya ga ta yi kuka ta yi dariya a cikin wayar, sannan ya yarda layin ya yi kyau. A waje kuwa, wanda ya kawo lasifika ya murɗe wayarta da haƙori ya rataya a jikin rumfa. Na ga dattawa uku suna kallon murɗin nan sun kasa sauraron wa'azi. Can ɗaya ya tashi, sauran suka bi shi, suka kwance, suka fere, suka haɗa, suka naɗe. Da suka dawo tabarma, ɗaya ya ce a gidan wannan mutumin ba a barin irin wannan, ko da kuwa ba ya nan.

Ni kuma ina karɓar gaisuwa, ina amsa "Allah ya ba da lada", amma rabin hankalina yana aljihun gabana. Fom ne a ciki, ninki huɗu, na babbar 'yata. Tana neman shiga koyon aiki a ƙungiyar masu jan wayar sadarwa, komai ta cike, ta manna hoto, saura layi ɗaya a ƙasa, wurin sa hannun wanda zai tsaya mata. Juma'ar mako mai zuwa za a rufe karɓa. Mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da hannunta ya iya, shi ne kuma muka dawo daga binnewa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Kakanninsu sun zo tudun nan zamanin haƙar kuza suka zauna. Ya fara aiki tun lokacin tarho mai igiya, wanda ake murza lamba da yatsa. Da za a ɗora falwayoyin da ya hau ɗaya kan ɗaya, da tuni ya je ya gaisa da farin wata ya dawo kafin la'asar. Da wayar hannu ta shigo, tsaransa suka ce sana'a ta mutu, wasu suka koma gona, wasu suka koma zaman majalisa. Shi kuwa, yana dab da sittin, ya sayi littafin rubutu ya zauna cikin sa'o'in 'ya'yansa yana koyon kebul na intanet da kyamarar tsaro. In an yi masa tsiya sai ya ce magana ba ta daina tafiya, hanya kawai take sakewa.

Kawu ba ya shiga gida ya fara gaida mai gida. Silin yake fara gaidawa. Zai yi sallama idonsa na sama, ya bi waya da kallo daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ya gama sannan ya tambayi lafiyar iyali. A ɗaurin auren ƙanwata an neme shi a matsayin waliyyi aka rasa, ashe yana tsugune a bayan talabijin ɗin surukai. Duk wayar da ya ja sai ya rubuta mata suna a bakin nan da bakin can, kuma sai ya bar rara kamar kamu ɗaya, a naɗe a cikin akwati. Masu gida suna ƙorafin ɓarnar kebul, shi kuma ya ce ba nasu ba ne, na wanda zai zo gyara ne bayan ya mutu. Shekara talatin yana faɗin haka muna dariya.

To, ni ma na taɓa cike fom ɗin nan. Shekarar da babbar kasuwar Terminus ta ƙone, shagon yadin mahaifinmu ya tafi a ciki, na wayi gari ba abin yi sai zaman benci da ba da labari. Ƙa'idar ƙungiya kuwa sananniya ce. Sau ɗaya a shekara ake ɗaukar masu koyo. Ka karɓi fom, ka kawo hoto biyu da takardar makaranta, ka samo ɗan ƙungiya da ya ga aikinka da idonsa ya sa maka hannu, sannan ka tsaya gaban dattawa uku su gwada ka. In ka haye, a haɗa ka da oga, shekara uku kana bin sa. Inna, mahaifiyata, ta kira ƙanenta ta ajiye masa fom da biro a gaba. Ya ce bai taɓa ganin na riƙe waya ba. Ta ce ita ta taɓa ganinsa ba wando. Ya sa hannu.

Ranar gwaji yana cikin dattawan uku. Aka ba kowa guntun kebul biyu cike da ƙananan wayoyi masu launi, aka ce a haɗa kowace da 'yar'uwarta, shuɗi da shuɗi, kore da kore. Na ce a raina, ashe wannan ce sana'ar da ake ta yi wa kirari? Na riga kowa gamawa, har da ɗan fito. Dattawan suka duba aikina, suka dubi juna. Ɗaya daga cikinsu ya yi tari, ya ce hasken ɗakin ne ba shi da ƙarfi, a bar yaro ya wuce, zai koya a hanya. Kawu ya miƙe. Ya kama hannun rigata ya fitar da ni tsakiyar rana, ya ɗaga wayoyi biyu ya ce in nuna masa kore. Na nuna da ƙarfin zuciya.

"Wannan ruwan ƙasa ne," in ji shi, a hankali, kamar mai faɗin rasuwa.

A ranar na san idona bai taɓa raba kore da ruwan ƙasa ba tun da aka haife ni. A ranar kuma na gane dalilin da ya sa mata suke dawo da yadi duk ranar da ni na yanka musu. Kawu ya koma ciki ya rubuta da hannunsa cewa ban ci ba.

Abin da ya biyo baya, in an ce yaƙi ne ba a yi ƙari ba. Inna ta je har gidansa ta tsaya a tsakar gida, ta tuna masa goyon da ta yi masa, da fitsarin da ya yi mata a baya, da ƙyandar da ta yi jinya, ta ce sakayyarta ke nan, a tozarta mata ɗa gaban baƙi. Ya bari ta gama, sannan ya ce, "Yaya, in na bar shi ya wuce, wata rana mai naƙuda za ta kira asibiti, wayar ta shiga gidan mai." Iya ta ce ita dariya ta kusa kuɓuce mata, sai ta tura kanta cikin tukunya. Inna ba ta yi dariya ba. Babbar sallah ta zo, ya aiko da cinyar rago, ta mayar. Ya sake aikowa, ta sake mayarwa. Cinyar nan ta yi zirga-zirga tsakanin gidajen biyu har ta fi direban tasi sanin hanya.

Ni ma na daina gaishe shi. Wata safiya sai ga babur ɗinsa a ƙofar gida, ya ce in hau. Bai tsaya ba sai kasuwar Katako, wurin wani amininsa mai sayar da katako. Ya ce masa, "Ga shi na kawo maka. Baki gare shi kamar rediyo, ido ne babu. Nan kuwa kaya duk launi ɗaya ne." Ya juya ya tafi. Wata shida, duk Juma'a bayan masallaci sai ya zo rumfar yana taya katakon da ba zai saya ba, yana bubbuga shi da yatsa, yana satar kallona. Yau rumfata ce ta kaina, da ita na yi aure, da ita na ciyar da 'ya'ya biyar. Daga baya ya gaya mini laifin nasa ne tun farko, ya tsaya wa aikin da bai gani ba don kunyar yayarsa. Ya ce daga ranar ya yi alkawari, jininsa ba zai sake sa wa hannu ba, ba zai kuma zauna gwada shi ba. Duk ƙungiya ta san da wannan.

Babbar 'yata ta gama difloma ta zauna shekara biyu tana kai takardu ofis-ofis, har masu gadi suka fara tambayarta lafiyar gida. Ita ce mai gyaran komai a gidanmu, fanka, rediyo, soket, har da zuciyar uwarta in na ɓata. Ba ta yi shawara da ni ba, da ƙafarta ta je wurin Kawu. Da ma akwai wasan jika da kaka a tsakaninsu, yana kiranta Amarya, tana ce masa ba ta auren wanda haƙoransa ke kwana a kofi. Da ya ji abin da ya kawo ta, abin da ya fara yi shi ne ya sa Iya ta zazzage kwandon zaren saƙarta a tabarma, ya ce ta ware masa launi-launi. Ya ce yana so ya tabbatar ba ta gaji ubanta ba. Ta ware tsaf. Ya ce alhamdulillahi, idon uwa ta ɗauko.

Wata bakwai, duk Asabar bayan la'asar tana gidansa. Kebul na intanet wayoyi takwas ne a ciki, kowace da gurbinta, ya sa ta haddace jerinsu kamar karatun allo, har a kicin sai mu ji tana bita, fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi. Duk kan da ta matse bai yi masa ba, zai datse shi da filaya ya jefa cikin gwangwanin madara. Ta ce ta cika gwangwani uku kafin ya daina datsewa.

Da fom ya fito ta kai masa da murnarta. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya gyara mata wani harafi, ya miƙa mata abinta. Ta dawo gida da fom ba sa hannu. Na saɓa babbar riga na tafi wurinsa. Na ce masa wancan karon bai ga aiki ba ya sa hannu, wannan karon ya ga aiki wata bakwai, me ya rage? Ya ce alkawari ya rage. Ya ce in ya sa mata hannu, ko ta fi kowa iyawa, za a ce jikar wane ce, kuma mace ce, da ma masu neman abin faɗa suna nan a tsaye. Aikinta zai nemo mata mai tsaya mata. Na ce ta yaya, alhali ba wanda ya taɓa ganinta sai shi? Sai na faɗi abin da har yanzu yake ci mini rai. Na ce, "Kawu, ka kayar da uba, 'yar ma sai ka kayar da ita?" Tari ya sarƙe shi. Kwana biyar bayan nan aka kwantar da shi. A asibiti na so in nemi gafara, na durƙusa kusa da gadon, sai ya kama hannuna ya nuna mini wata waya da ke reto a saman ƙofa, ya ce in dubi aikin banza. Sannan ya tambaya ko Amarya tana bita. Na ce tana yi. Ya lumshe ido. Iyakar sulhun da muka samu ke nan, na kuma karɓe shi a haka.

Zan faɗi abin kunyata, tun da mai gyara mini zance ya tafi. Kwana uku da rasuwar na ɗauko wata tsohuwar takarda mai sa hannunsa, na zauna a rumfa ina kwaikwaya a jikin ɓallin katako. Sa hannun Kawu kamar wayar da kaji suka yi dambe a cikinta yake, amma kafin azahar na ƙware, har na fi shi iyawa. Niyyata in sa, in rubuta kwanan watan da yake da rai. 'Yata ta kawo mini abinci ta tarar da katako goma sha biyu kowanne da sunan kakanta. Ta ajiye kwanon, ta ce ba ɗan ƙungiyar da bai san alkawarinsa ba, kallo ɗaya za su yi su gane. Ta ce ko ba su gane ba, ita ta sani. "Baba, in da wannan zan shiga, gara in ƙara shekara a gida." Na sa aka goge katakon da injin fira, na ci abincina ba tare da na ji ɗanɗanonsa ba.

Ranar addu'ar bakwai, Litinin ke nan, saura kwana huɗu, Iya ta kira ni daga ɗakin takabarta ta ce in je Tudun Wada wurin abokin tsanin Kawu. A sana'arsu mutum biyu ke fita, ɗaya ya hau, ɗaya ya riƙe. Wannan dattijo, Kirista ne ɗan asalin tudun nan, dattijon coci, ya fi shekara ashirin suna musayar hawa da riƙo da Kawu. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran testa. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "A'a, Mista Kore." Ashe shi ne dattijon da ya yi tari ranar gwajina.

Na zayyana masa komai, na haɗa da maraici, da zumunci, da hawayen da na tanada tun daga cikin keke. Ya ce in adana hawayena. Sau ɗaya ya taɓa neman a yi sassauci a gwaji, a kaina, Kawu ya yi mako guda yana riƙe masa tsani ba ya yi masa magana. Ba zai sa hannu don mamaci ba, mamacin ma ba zai yarda ba. Amma ranar Laraba yana da aikin kyamara a wata makaranta, in kawo ta ya gani.

Muka je. Ya miƙa mata kebul da abin matsewa, ya tsaya a kanta kamar alƙali. Ta fere, ta jera, ta matse, ya sa a na'urar gwaji, fitilu takwas suka kama ɗaya bayan ɗaya. Ni dai duk launinsu ɗaya a wurina, amma na iya ƙirga. Bai yaba ba. Ya jingina tsani a bangon bene, ya ce ta hau ta zura kebul ta ramin can, ya ciro wayarsa ya zagaya bayan aji yana amsa kira. Ta dubi tsanin, ta girgiza shi, ta tsaya. Na ce ta hau mana, lokaci na tafiya, na ruga na riƙe mata da hannu bibbiyu. Ta ce in bari. Na yi mata magiya da ido, da baki, da girar sama da ta ƙasa, ta ƙi motsi. Minti goma muna tsaye, ni ina ganin shekara guda tana zubewa a ƙasa.

Dattijon ya dawo ya tambayi abin da ya hana ta hawa. Ta ce Kaka ya hana ta hawa tsanin da ba a riƙe ba. Ya ce ai ga babanta nan ya riƙe.

"Baba yana da labari, ranka ya daɗe," in ji ta. "In ya yi daɗi, da hannu biyu yake bayani."

Dattijon nan ya yi dariya har ya cire tabarau, ya zauna a kan dakali. Da dariyar ta lafa ya daɗe yana goge ido, na ga ba duka na dariya ba ne. Ya ce shi ma Kawu sai da ya yi wata uku yana lura da shi kafin ya yarda ya hau yana riƙe. Ya tashi, ya ture ni gefe da kafaɗa, ya sa ƙafa a matakin farko ya kama tsanin. Ya ce, "Hau, 'yata." Ta hau. Da ta sauko ya nemi tebur bai samu ba, ya ce in juya, ya shimfiɗa fom ɗin a gadon bayana ya sa hannu. A rayuwata ban taɓa yi wa sana'ar waya amfani kamar na ranar ba.

Mun kai fom ranar Alhamis. Mako biyu bayan nan ta tsaya gaban dattawa uku da ba su san ta ba, ni ina waje ina gumi cikin sanyin Jos har mai shayi ya tambaya ko zazzaɓi ne. Da aka liƙa sunaye, nata yana ciki, su biyu mata. An haɗa ta da oganta, shekara uku ke gabanta na ɗaukar kaya da shan faɗa da hawa da sauka. Ba a gama komai ba, an dai buɗe ƙofa.

Ana jibi za ta fara, Inna ta aiko a kira ta. Tun da aka fara maganar nan ba ta ce uffan ba, na ɗauka fushi take yi da mace za ta hau tsani. Muka same ta da ƙunshi a cinya. Wando ne mai kauri, da riga iya gwiwa, da ƙaramin hijabi mara jela da ba abin da zai kama shi. Ta ce in dai hawa za a yi, a hau da mutunci. Sannan ta jawo jikarta kusa ta tambaye ta, duk wata bakwai ɗin nan, me Kawu ya taɓa cewa a kan aikinta? 'Yata ta yi tunani ta ce bai taɓa yabo ba. Sau ɗaya dai, Asabar ɗin ƙarshe, ya juya kan kebul a hannunsa ya daɗe, ya ce ba laifi.

"Ba laifi ya ce?" in ji Inna. "Ke, ai ya yi miki kirari. Shekara saba'in ina zuba masa tuwo, bai taɓa ce mini ba laifi ba."

Ta fashe da dariya, muka taya ta, sai dariyar ta karye a tsakiya. Tun rasuwar ƙanenta ban ga hawayenta ba sai ranar. Ta riƙe hannun yarinyar tana jujjuya shi, tana duba 'yan yankan da waya ta yi mata a yatsu, ta ƙi saki.

Allah Ya yafe wa Kawu kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci, Ya haskaka shi da hasken da ba a ɗaukewa. Ya ba Iya da Inna haƙurin rashinsa. Ita kuma wadda ta fita ranar Litinin da ƙarfe bakwai da jakar kayan aiki a kafaɗa, Allah Ya sa duk inda ta hau ta sauko lafiya.